Tagulla Mai Walda

Idan ka shiga layinmu ka tambayi yayana da sunansa na gaskiya, sai an yi ta kallon-kallo kafin a samu wani tsoho ya tuna. Amma ka ce Tagulla, ko akuyar layin za ta kai ka ƙofar shagonsa. Shekara arba'in ke nan sunan yana manne da shi. Inna, Allah ya ji ƙanta, da shi take kiran sa, shi ne a wayar kowa, shi ne kuma abin da ya fi ƙauna a duk abin da ya mallaka. Ni kuwa, autan ɗakinmu, na yi shekara talatin da ɗaya ina ɓoye wata magana a kan sunan nan, wadda na san duk ranar da ta fito sai ta karya shi. Kuma da hannuna na bari ta fito ta hanya mafi muni. Bari in faɗa tun daga tushe, ko na samu in iya haɗa ido da mutane.

Baba yana da ɗan shago a bakin titi, yana sayar da ƙusa da kwaɗo da sakata da fenti. Ƙusa ba a zuba maka ita a hannu, sai an naɗe ta a takarda, don haka yakan sayo damin tsofaffin jaridu da mujallu na ƙasashen waje. Aikin Yaya idan ya taso daga makaranta shi ne ya yayyaga su gida huɗu ya jera a kan kanta. Yana da shekara goma sha ɗaya, ni ina da shida. Wata rana yana cikin yaga sai ya ci karo da wani shafi mai kala, na labarin zane. Ga wani ƙaton mutum cikin doguwar baƙar riga, hannunsa na dama na tagulla ne tun daga gwiwar hannu, ya duƙa yana haɗa wani inji, tartsatsi na tashi ta ko'ina. Yaya ya ninke shafin ya cusa a wando. Daga ranar duk damin da ya shigo shagon sai ya tsefe shi takarda bayan takarda kafin ya yaga ko ɗaya.

Matsalar ita ce shafukan ba a jere suke zuwa ba. Babu bango, babu farko, babu ƙarshe, wani ma rabinsa ya riga ya tafi da ƙusar wani kafinta. Turancin Yaya kuwa a lokacin bai wuce gaisuwa da ƙirga ɗaya zuwa goma ba. Sai ya ƙirƙiro tasa dabarar. Yakan baje shafukan a tsakar ɗaki ya bi rigar mutumin: inda take lafiya lau, nan ne farko, inda ta yage a kafaɗa, wannan gaba ne, inda hannun tagullar ya lotsa, can wajen ƙarshe. Shafin da inji ke tsaye ya riga wanda yake a tarwatse. In ya gamsu da jerin, sai ya saci zare da allurar Inna ya ɗinke. Ni ne mai danne shafuka da 'yan duwatsu kada iska ta kwashe, kuma ranƙwashin da na sha a kan wannan aiki ba ya ƙirguwa.

Ga labarin da ya fito daga ɗinkin Yaya. Mai hannun tagulla maƙeri ne, talaka, ba shi da kowa. Kullum yana ƙera wani abu da zai amfani mutane. Kullum kuma sai wasu uku su zo su farfasa masa: wani dogo mai tashi sama, da wani gajere mai igiya, da wata mace mai madubin da ke fitar da wuta. Kayansu tsaf, haƙoransu fari fat, ko a tsakiyar faɗa gashinsu a kwance yake. Yaya ya sa musu suna 'Yan Gayu. Ya ce 'ya'yan masu gari ne, ba su taɓa yin aikin ƙarfi ba, baƙin ciki ne kawai ke cin su. Mu kuwa me muka sani? Mun ga uku sun taru a kan mutum ɗaya, mun ga shi ne mai gumi da baƙin mai a fuska irin na iyayenmu. Ai ba sai an gaya mana wanda za mu bi ba.

Bayan shekara guda Allah ya ƙara mana. Mai gyaran talabijin na kwanar layinmu yana da wata da yake ajiyewa a bayan gilashi, tana kallon titi, don mutane su san ya iya aiki. Murya ba ta fitowa waje, hoto kawai. Wata Asabar da la'asar muna wucewa sai ga mutuminmu a ciki, yana motsi, katun ɗinsa ake nunawa! Yaya ya ƙwalla ihun da ya sa mai shagon ya fito da sukundireba a hannu. Daga nan duk Asabar sai yara wajen ashirin mu taru a gaban gilashin, Yaya ya hau kan wata tsohuwar taya ya riƙa yi mana muryoyi. Ya yi ta dogon da hanci, ya yi ta macen da yanga har mu faɗi ƙasa don dariya, in aka zo kan maƙerin kuwa sai ya kumbura ƙirji ya sauke murya. Kowane mako ƙarshen ɗaya ne: sun rusa masa inji, sun yi masa dukan tsiya, yana gudu yana waiwaye yana girgiza hannun nan. A nan Yaya zai buga ƙirjinsa sau uku ya ce, "Ku uku ne, ni kaɗai ne, amma mako mai zuwa ina nan!" Mu duka mu amsa, "Yana nan!" Kafin damina ta fita babu mai kiran Yaya da wani suna sai Tagulla.

Da a ce wasan yara ne kawai da ya wuce kamar yadda komai ke wucewa. An daina nuna katun ɗin, damin takardu ya daina zuwa da shafukan, sauran yara suka koma ƙwallo. Yaya bai koma ko'ina ba. Da ciwo ya kwantar da Baba aka rufe shago, shi da kansa ya ajiye jakar makaranta ya ce ni in ci gaba, kaina ya fi nasa ɗaukar karatu. Inna ta so ya koyi ɗinki, aikin inuwa. Ya ce shi walda zai koya, kuma kowa a gidan ya san dalili. Har yau kafin ya taɓa kowane aiki sai ya ƙwanƙwasa ƙarfen sau uku da hannun dama. Safar hannunsa ta dama kuwa, duk wadda ya saya sai ya shafa mata fenti ruwan tagulla, ta hagu ko oho.

Kuma kada ku ɗauka wawa ne. Babu mai yin ƙofar ƙarfe irin tasa a duk yankinmu. Lokacin da manyan shagunan walda suka haɗa baki suna sa siririn bututu suna lafta masa fenti ya yi kama da mai kauri, shi kaɗai ya ƙi. Suka daina ara masa inji in nasa ya lalace, suka riƙa kore masa masu kawo aiki. Ko a jikinsa. Sau biyu ana rushe masa shago: na farko da aka zo faɗaɗa titi, na biyu da mai filin ya sayar ba tare da ya gaya masa ba. A na biyun ina wurin. Motar rusau tana ja da baya, matarsa tana kuka, shi kuwa yana tsintar rodi daga cikin ɓaraguzai yana jerawa gwargwadon tsayi. Na ce, "Yaya, yanzu ya za a yi?" Ya share gumi da kafaɗa ya ce, "Auta, mako mai zuwa ina nan." Bai kai makon ba ma, kwana biyar ya kafa rumfa a bayan gidan mai ya kunna inji.

Na ji wannan magana ta shige ni kamar ƙusa, don a lokacin na daɗe da sanin gaskiya.

Ina aji biyu a sakandare, makarantar kwana, wani ɗan ajinmu ya dawo hutu da cikakken littafin, da bangonsa da komai. Na gan shi a hannunsa na yi tsalle na ce, "Kai! Tagulla! Gwarzon duniya!" Na buga ƙirji sau uku a gaban 'yan ɗakin kwananmu, na faɗi kirarin nan da iya muryata. Aka fashe da dariyar da har yau in na tuna sai kunnena ya yi zafi. Yaron ya miƙo min ya ce, "Karanta, ɗan ƙauye." Na karanta. Maƙerinmu ba maƙeri ba ne. Shi ne mugun labarin. Injin da muka yi ta kuka a kai da aka farfasa, wanda Yaya ya ce na jawo wa talakawa ruwa ne, ashe na zuba guba ne a tankin ruwan gari. 'Yan Gayun da muke tofa wa yawu a jikin gilashi su ne jaruman, sunansu ne ma a bango. Sunan nasa na ainihi kuwa, in aka juya shi da harshenmu, wani abu ne kamar Mai Hallakarwa.

Na dawo hutu da niyyar faɗa masa, wallahi da niyyar na dawo. Na same shi zaune a ƙofar ɗaki da yamma, idanunsa jajawur suna zubar da ruwa saboda hasken walda, bayan hannunsa duk tabon ƙuna. Yana gani na ya tashi ya ɗauko ɗinkakken littafin nan daga ƙarƙashin katifa. Ya ce, "Yauwa Auta, yau ranarka ce. Tunda ka iya Turanci, karanta min abin da ya ce a nan. Shekara tara ina son in ji da bakinsa." Ya ɗora yatsa a kan ɗan farin zagayen da maganar take ciki. Abin da ke rubuce shi ne zai mayar da garin toka, ba zai bar ko jariri ba. Na dubi rubutun, na dubi idanun nan. Na ce, "Ya ce ko kun rusa sau ɗari, zan sake ginawa." Yaya ya daki cinyarsa ya ce, "Ban faɗa ba? Ban faɗa ba!" A yammar nan sai da na karanta masa shafi goma sha huɗu, babu layi ɗaya na gaskiya a ciki.

Abin dariya, ko na kuka, yau aikina ke nan. Tafinta ne ni a kotu, shekara ashirin. Na rantse da abin da nake bautawa cewa ba zan ƙara ba, ba zan rage ba, kuma a kotu ban taɓa yi ba. An san ni da taurin kai a kan haka, har na taɓa gyara wa lauya magana a gaban alƙali. Amma duk lokacin da Yaya ya fito da littafin nan don 'ya'yansa su ji, ni ne mai zama in shirga musu ƙarya cikin murya mai daɗi. Nakan ce wa kaina tausayi ne. Rabi tausayi ne. Ɗaya rabin kuwa, gaskiya, na riga na fara jin kunyarsa. Ban taɓa gayyatar abokin aikina ɗaya zuwa shagonsa ba. In ya zo kotu nema na, da safar nan leƙe a aljihu, nakan yi maza in jawo shi bayan gini mu yi magana. Duniya ta taimake ni, ta manta da labarin gaba ɗaya, babu mai tuna shi sai 'yan layinmu, su kuma na Yaya suka sani. Na ɗauka haka za mu mutu.

Sai watan jiya babbar 'yarsa, wadda ke aikin jinya, ta same ni a gida da waya a hannu. Ta ce, "Baba Ƙarami, an yi sabon fim ɗin abin nan na Baba. Ya ga hoton a jikin allon talla, tun jiya bai zauna ba." Ta nuna min tallar. Minti biyu kawai, amma ko makaho zai gane waye mugu. Ta kalle ni irin kallon da Inna ke yi mana in mun fasa abu mun ɓoye. Ta ce, "Kai ka sani, ko? Tun da can ka sani." Na miƙa mata wayarta. Ta ce, "Don Allah ka gaya masa kafin ya shiga cikin mutane. Daga bakinka zai ɗauka, ni ba zan iya ba." Na ce ta kwantar da hankalinta, wannan ai ƙaramin abu ne, ni da nake gaya wa mutum an yanke masa shekara goma ido cikin ido.

Sau uku ina yunƙurin gaya masa. Na farko na same shi a shago yana ba wani direba labarin katun ɗin, ya hau kan bokiti da tumbinsa da furfurarsa, na juya. Na biyu na buɗe baki, ya riga ni: "Auta, kai za ka zauna kusa da ni fa. Duk abin da ya faɗa ka raɗa min, kada in yi asarar ko kalma ɗaya." Na ce to. Na uku a mota ne, ranar Asabar da azahar, muna hanyar sinima. Ya sa rigarsa mafi kyau, ya yi aski, ya zuba turaren da ya sa na sauke gilashi. Yana ta lissafa min 'yan layinmu da suka mutu ba su ga wannan rana ba. Muka tsaya a danja, na ce, "Yaya, akwai wata magana." Ya ce, "Ina jin ka." Na ce, "Ka kashe wayarka in mun shiga." Tir da ni.

Sinimar a saman wani katafaren kanti take, mai matakalar da ke tafiya da kanta. Yaya ya hau ta yana dariya, yana ƙwanƙwasa gefenta yana cewa aikin ba laifi amma haɗin kwanar bai yi ba. Muna kaiwa sama na ji an ce, "A'a, Tafinta, kai ma ka zo kallon na yara?" Rajistaran kotunmu ne, da matarsa da 'ya'yansa, mutumin da takardar ƙarin girmana ke kan teburinsa. Muka gaisa. Ya dubi Yaya, wanda ya tsaya ɗan nesa a gaban hoton fim ɗin, ya riga ya zura safar nan a hannu yana shafa fuskar mutuminsa. Rajistara ya ɗaga gira ya ce, "Tare kuke?" Ban san lokacin da bakina ya ce, "Mai yi mana walda ne, na rage masa hanya."

Aka kashe fitilu. Minti goma na farko 'Yan Gayu ne, Yaya yana tsaki yana zungura ta da gwiwar hannu. "Me dogon nan ya ce?" Na raɗa masa wani abu. "Ita fa?" Na raɗa. Sai kiɗa ya sauya, allo ya yi duhu, aka nuna hannun tagulla yana fitowa daga cikin hayaƙi. Kafin in kama rigarsa Yaya ya miƙe tsaye. Ya buga ƙirji sau uku, ya ɗaga safar nan sama, ya ce da muryar da ya saba ƙure ƙarar inji da ita, "Ku uku ne, ni kaɗai ne, amma mako mai zuwa ina nan!"

Babu wanda ya amsa. A daidai lokacin ne kuma mutumin nasa ya ɗaga wata bas cike da fasinjoji ya wurga ta daga kan gada.

Zauren ya ɗauki dariya. Wani ya yi fito, wani ya ce, "Baba, ashe ɗan gidanku ne!" Na ga hasken wayoyi sun tashi, ana ɗaukar sa. Yaya ya zauna yana dariya shi ma, yana haki, bai fahimci komai ba tukuna, idonsa bai ma kai kan bas ɗin ba. Na ce masa zan zaga. Na fita na tsaya a gaban madubin banɗaki ina wanke hannun da babu abin da ya taɓa. Da na dawo, ƙafata ta wuce layin kujerunmu. Akwai kujera babu kowa a gefen Rajistara, layi uku a bayan Yaya, ya yafito ni, na zauna. Har ya miƙo min guggurun 'yarsa na ɗiba. Ya ce, "Wannan mai waldar naku akwai ban dariya." Na ce, "Ai haka yake."

Fim ɗin awa biyu ne, ban ga komai a cikinsa ba sai ƙeyar yayana. Hasken allo yana sauka a kan sanƙonsa. Mutumin nasa ya yi wata doguwar magana, zauren ya yi tsit, na ga Yaya ya juya hagu, bakinsa a buɗe zai yi tambaya. Ya tsaya, ya mayar da kai. Can an jima aka nuna injin, babba, irin wanda muke so tun muna yara, aka nuna bututunsa ya nufi tankin ruwan gari, aka nuna mata suna gudu da 'ya'ya a hannu. Ya sake juyawa hagu. Ya leƙa har wajen ƙofa. Karo na uku bai juya gaba ɗaya ba, kansa kawai ya ɗan karkata, sannan ya daina. Na ga kafaɗunsa suna sauka a hankali. Na ga ya zare safar ya cusa ta ƙarƙashin cinyarsa. Sau goma na ce wa ƙafafuna su tashi, suka ƙi, ko in ce ni na ƙi. Da aka zo ƙarshe 'Yan Gayu suka jefa mutumin cikin wutar injinsa, zauren ya ɓarke da tafi. Yaya ya dubi na damansa, ya dubi na gabansa, sai shi ma ya ɗaga hannu ya tafa, a hankali, don kada ya fita daban.

Na same shi a waje, zaune a kan dakalin da ke bakin wurin ajiye motoci, rana ta yi sanyi. Na tsaya a gabansa da makulli a hannu kamar wanda aka gurfanar. Bai ɗago ba.

Ya ce, "Shi ne mugun."

Na ce, "Shi ne, Yaya."

"A wannan fim ɗin kawai, ko tun asali?"

Ƙofa ce ya buɗe min, ina iya cewa masu fim ne suka ɓata labarin, kuma na san zai yarda. Na gaji. Na ce, "Tun asali."

"Ko rusa sau ɗari ɗin nan, bai faɗa ba?"

"Bai faɗa ba. Ni na faɗa."

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun ina aji biyu."

Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. Sannan ya yi wata 'yar dariya ta hanci ya ce, "Wancan na yafe. Yaro ne kai, ka ga idona yana ruwa, ka ji tausayina. Mai waldar da ka ce wa mutumin nan ma na ji, ai ba ƙarya ka yi ba, walda nake yi." Ya ɗago ya kalle ni, kuma da ma zagi na ya yi. "Amma Auta, da suke dariyar nan, na ɗauka wani abu aka faɗa a fim ɗin. Har na taya su. Na juya in tambaye ka me aka ce, don in yi dariyar da hujja. Ko ɓarawo aka kawo kotunku, ai kana tsayawa kusa da shi ka gaya masa abin da ake faɗa a kansa."

Ni da magana ce sana'ata, sai na koma maganar mota. Na ce ya zo mu tafi gida, ya ce a'a, in je in sallami manyan mutane, shi zai bi bas. Ya tashi ya kakkaɓe rigarsa, ya nufi titi. Na bi shi a baya kamar kare, ina "Yaya, Yaya," bai waiwayo ba.

Bas ɗin da ta tsaya ta wani ɗan layinmu ce, ɗaya daga cikin yaran da suka tsaya a gaban gilashin nan tare da mu, yanzu shi ma da furfurarsa. Yana hango Yaya ya leƙo ta taga yana washe baki, ya buga ƙirji ya ce, "Tagulla! Tagulla na mutane! Zo gaba, ga wuri na ajiye maka. Ya fim ɗin, mutuminmu ya ci su?"

Yaya ya tsaya da ƙafa ɗaya a kan matakala. Ya ce, "Don Allah ka daina kira na haka." Direban ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne, ya ce to da me zai kira shi. Sai Yaya ya gaya masa sunansa na gaskiya, a hankali, sau biyu, kamar yadda ake gaya wa baƙo. Rabon da in ji sunan nan a bakin wani tun Baba yana da rai. Direban ya maimaita, bai ma faɗe shi daidai ba. Yaya ya ce haka ne, ya wuce kujerar gaban ya tafi can baya ya zauna, bas ta tashi.